GYARA KAYANKA BA YA ZAMA SAUKE MU RABA

A hutun da ya gabata, mu kaɗan daga cikin ɗalibai 'yan ƙasar Zamfara muka tashi daga Gusau muka nufi Furfuri, cikin ƙaramar hukumar Bungudu, domin amsa kiran wani ɗan'uwanmu wanda ya riga mu fita jami'a da shekara uku, yanzu kuwa ƙaramin ma'aikaci ne a wata ma'aikatar gwamnati. Aure ya matso masa, har an sa rana bayan kaka, shi ne ya ce mu zo mu ga gidan da ya gada, mu ba shi shawara game da wani ɗaki da ya hana shi barci. Bayan an gaisa an sha fura, sai ya ɗauko mabuɗi ya kai mu gaban wata ƙofa da ke daura da zaure, ya yi ta fama da kwaɗo kafin ya buɗu.

Ɗakin cin abinci ne irin na Turawa, ginin bulo da rufin kwano, wanda marigayi mahaifinsa ya gina a 1975. Ga dogon tebur mai fomeka a tsakiya, ga kujeru shida, biyu daga ciki sun gurgunce. Ga kabad mai gilashi cike da farantan tangaran waɗanda ƙura ta rufe. Ruwan sama ya zana taswira a jikin silin, koren fentin bango yana ɓarewa, ledar ƙasa ta tsattsage, a kusurwa guda kuma an jibge buhunan dawa da wani tsohon keke. Muna cikin kallo sai maigidan ya zaro takarda daga aljihu. Lissafi ne da wani mai ƙawata ɗakuna ya yi masa a birni: a fasa ƙasa a shimfiɗa tayil, a sauke silin a ɗaura na P.O.P. mai fitilu kala-kala, a zubar da tebur da kujeru a sayo na ƙasar waje, a rataya labule tun daga sama har ƙasa. Jimlar kuɗin ta haura albashinsa na shekara ɗaya da rabi. Ya kuma gaya mana cewa akwai masu ba da rance da suka yarda su ba shi, a riƙa yanka daga albashinsa har shekara uku.

Mahaifiyarsa tana tsaye a bakin ƙofa tana jinmu. Da ya gama karanta takardar sai ta ce, "Ɗana, wanga tebur, tun da ubanka ya sawo shi, sau nawa ka ga an ci tuwo bisa nai?" Ya yi shiru, sa'an nan ya ce, "Inna, sau biyu nake iya tunawa." Ta ce, "To, ni uku na ƙirga." Ta juya ta shige cikin gida.

Wannan ɗaki da wannan tambaya su ne dalilin rubutun nan. Muna ganin al'amarin ya wuce gida guda a Furfuri, domin kusan kowannenmu, ɗalibi ne ko sabon ma'aikaci, akwai irin wannan takarda tana jiransa nan gaba kaɗan.

ASALIN TEBURIN

Ya kamata mu fara da yi wa iyayenmu adalci, mu tambayi yadda aka yi tebur mai kujera shida ya shigo gidan da ake cin tuwo a kan tabarma. Tun da jirgin ƙasa ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a 1929, garin ya zama matattarar gyaɗa da auduga, kantunan Turawa suka kafu, mutanen ƙauyukan kewaye suka fara ganin yadda ake zama a bariki. Akawu ko malamin makaranta da ya taɓa leƙa gidan Joji ya ga ana cin abinci a ɗaki na musamman, kowa da kujerarsa da farantinsa, sai ya ɗauka wannan ita ce alamar wayewa. Abin da ya rage masa kuɗi ne kawai.

Kuɗin kuwa sun zo. Kwamitin Jerome Udoji, wanda gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa a 1972, ya miƙa rahotonsa a 1974, aka yi wa ma'aikata ƙarin albashi mai tsoka, aka kuma biya su ariyas na watanni a dunƙule a farkon 1975. Ma'aikata suka auka kasuwa, aka yi ta sayen babur da rediyo da firji da kujeru, farashi ya yi tashin gwauron zabo. A shekarar nan ce kuma hukumomin gwamnati suka yi odar siminti kimanin tan miliyan 20, alhali tashar jiragen ruwa ta Ikko ba ta iya sauke abin da ya wuce kimanin tan miliyan ɗaya a shekara. Jirage fiye da 400 suka yi cirko-cirko a teku wata da watanni, ana biyansu kuɗin jira, siminti yana daskarewa a cikinsu. Ɗakin da muka gani a Furfuri ɗan wannan zamani ne. An gina shi lokacin da ƙasar take cikin Jihar Arewa maso Yamma, ya ga Jihar Sakkwato a 1976, ya ga Jihar Zamfara a 1996, duk yana kulle.

Ina aka ci abinci a tsawon shekarun nan hamsin? A zaure mana, inda aka saba. Da an idar da sallar isha'i sai a shimfiɗa tabarma, akussa da kwanoni su fito daga gidan da gidajen maƙwabta, a haɗu a yi ciyayya, mata da yara kuma suna tsakar gida da nasu. Bambancin tabarma da tebur ba ƙarami ba ne. Tebur yana ƙidaya masu ci tun kafin a zuba miya, mutum na bakwai sai ya tsaya ko ya koma. Tabarma kuwa sai a ce "matsa masa," baƙo ya zauna, almajiri ya sami rabonsa. Mahaifin abokinmu ya sayi tebur saboda matsayinsa, amma ya ci gaba da zama a tabarma saboda jama'arsa. Ba mu ga laifinsa ba, zamaninsa ne ya ruɗe shi, kuma aƙalla da kuɗin hannunsa ya yi. Mu da muka karanta tarihin abin da ya biyo baya, watau tsuke bakin aljihu na 1982 da shirin gyaran tattalin arziki na 1986, ba mu da uzurin da yake da shi.

UDOJI BABU ARIYAS

Abin mamaki shi ne, yau muna neman maimaita sayayyar 1975 ba tare da kuɗin 1975 ba. Tun da aka janye tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, aka kuma saki Naira a kasuwa a watan Yuni na shekarar, Dalar Amurka da take wajen Naira 460 a farashin gwamnati ta haura Naira 1,500 a farkon 2024. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli 2024 Naira 70,000 ne. Duk wani abu da ya ƙetaro teku, tun daga tayil har zuwa ƙusar labule, da Dala aka auna shi, shi kuwa ƙaramin ma'aikaci da Naira ake biyansa. Wanda ya ci bashin shekara uku don ya ƙawata ɗaki ya sayar da kakar shekara uku tun bai yi shuka ba. Ranar da matarsa za ta haihu, ko mahaifiyarsa ta kwanta asibiti, ko taki ya yi tsada, sai ya tarar an riga an yanke rabin albashin. Ga kuma kuɗin ruwa da ke kan mafi yawan irin wannan rance, abin da bai kamata a yi wa mutumin Zamfara dogon bayani a kansa ba, tun da jiharsa ce ta fara shelar aiki da Shari'a a 1999.

Daɗin daɗawa, akwai wata ɓarna da ba a cika faɗi ba. Ma'aikacin da bashi ya shaƙe shi ne mai saurin miƙa hannu a ƙarƙashin tebur. Muna yawan tsine wa manyan da suka wawashe dukiyar ƙasa, muna rubuta ƙasidu masu zafi a kansu a cikin wannan mujalla, amma babu ɗayansu da aka haifa ɓarawo. Da yawa daga cikinsu da ɗan ƙaramin buri suka soma, irin na kada a raina su a gaban abokai. Kwaɗayi mabuɗin wahala, in ji Hausawa, kuma wahalar ba ta tsayawa kan mai kwaɗayin shi kaɗai idan yana riƙe da fayil ɗin jama'a.

Sai kuma mu tambaya, wa ake yi wa wannan ado? A zamanin iyayenmu gidan Joji ake kwaikwaya. Yanzu hotunan Facebook da TikTok ake kwaikwaya, ɗakunan da aka shirya don a ɗauki hotonsu, ba don a zauna a ciki ba. Kuɗin kuma ina suke tafiya? Sin da Turkiyya da Dubai. Masaƙar Zamfara da ke Gusau, wadda ta ciyar da dubban iyalai, ta daɗe da yin shiru. Kafinta da magini da masaƙin tabarma na ƙasarmu sun sha wuya sa'ad da aka rufe kasuwannin mako aka katse wayar sadarwa a watan Satumba 2021, kuma rashin tsaro ya ci gaba da rage musu ciniki. Kowace Naira da ɗan boko ya kashe a hannunsu tana kwana a garin, ta zama hatsi, ta zama kuɗin makaranta. Wadda ya kai kantin kayan waje kuwa ko sallama ba ta yi.

YADDA AKA YI DA ƊAKIN

Ba mu tsaya ga wa'azi ba, domin wanda aure ya matso wa ba ya jin falsafa. Muka nemo wani dattijon magini da wani kafinta na garin, muka ce su duba ɗakin su faɗi gaskiya. Dattijon bai ko kalli tebur ba. Ya sa aka kawo tsani ya hau rufi, ya sauko ya ce, "Samari, ku da kuka yi boko, in mutum na da gyambo, riga aka fara ɗinka mai ko magani?" Muka ce, "Magani, Baba." Ya ce to gyambon ɗakin nan fallen kwano uku ne da suka huje, da ruwan indararon zaure da ke zuba a gindin bango. Duk tayil da fentin da za a sa, in ba a toshe waɗannan ba, damina biyu ta ishe su.

Daga nan muka koyi ƙa'idar da muke son kowane mai karatu ya riƙe: kuɗin gyara daga sama suke farawa su gangaro. Rufi tukuna, sa'an nan bango, sa'an nan ƙasa, sa'an nan kayan zama, ado shi ne na ƙarshe in an sami rara. Takardar da aka kawo daga birni ta juya wannan tsari ne, ta fara da abin da ido ke gani, ba ta ko ambaci rufi ba.

Aka sauya fallayen kwanon, aka karkatar da ruwan indararo zuwa kwata. Game da silin, nan ne ɗan karatunmu ya yi rana. Irin na asbestos ne da aka yi yayi a shekarun 1970 da 1980, wanda muddin yana zaune lafiya bai cika cutarwa ba, amma in aka farfasa shi ko aka goge shi, ƙurarsa tana maƙalewa a huhu, ta haifar da ciwo mai kisa bayan shekaru masu yawa. Saukar da shi gaba ɗaya da guduma, yadda aka yi niyya, da ya cika gidan da wannan ƙura ana gab da kawo amarya. Saboda haka aka bar masu lafiya a wurinsu aka shafe su da fenti, guda biyu da suka lalace aka jiƙa su da ruwa, aka cire su ɗungum ba tare da an karya ba, masu aikin sun rufe hanci da baki, aka kai su nesa aka binne.

Haka kuma tsohon fentin mai na bango. Irin wannan fenti sau da yawa akwai dalma a cikinsa, mu kuwa mutanen Zamfara mun san dalma sanin da ba mu so ba. A 2010 yara fiye da 400 suka rasu a ƙauyukan Anka da Bukkuyum saboda ƙurar duwatsun zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje, har sai da aka kankare ƙasar tsakar gidaje aka sauya ta. Don haka muka hana a goge bangon a bushe. Aka jiƙa, aka kankare abin da ya ɓare, aka kwashe, aka hana yara shiga har aka wanke ɗakin. Wannan darasi ya shafi duk mai neman ƙasar yaɓe ko ta daɓe: ya tambayi ramin da aka haƙo ta, ya nisanci wurin da aka taɓa wanke ko niƙa ma'adini. Bayan bango ya bushe aka shafe shi da farar ƙasa da ɗan bula a ciki. Farar ƙasa ba ta kai fentin gwangwani tsada ba ko kusa, tana barin bango ya yi numfashi, tana kuma ƙara wa ɗaki haske. Aibinta shi ne tana son a sabunta ta, amma aikin yini guda ne.

Da aka ɗaga tsohuwar leda sai ga simintin 1975 lafiya lau, in ban da tsaga biyu da birkila ya cike da abin da bai kai buhu ɗaya ba. Kafinta kuma da ya kwantar da tebur ya ɓare fomekar da ta kumbura, sai ya yi salati. Katakon maɗaci ne a ƙarƙashi, irin wanda yanzu sai an tona kafin a samu. Wanda aka so a musanya shi da shi kuwa, galibin irinsa garin katako ne da aka matse da gam aka lulluɓe da hoton dutse, in ruwa ya shige shi sai ya kumbura kamar burodi. Aka goge maɗacin da sanfefa, aka shafa masa mai, aka ɗaure ƙafafun kujeru. Aka tura teburin jikin bango kusa da taga, ya zama wurin karatun yara da wurin cin abincin wani kawun maigidan wanda ciwon gwiwa ya hana shi zaman ƙasa. Tsakiyar ɗaki kuma aka shimfiɗa manyan tabarmin kaba. Farantan tangaran aka wanke su, aka rage na amfani, aka jera akussa da faya-faye da ƙore na Inna a cikin kabad, sai ga shi sun fi tangaran ɗin kyau.

Saura zafi. Ɗakin bulo mai rufin kwano a watan Afrilu tanda ne, shi ya sa ma tun asali ba a iya zama cikinsa da rana. Magini ya huda ƙananan tagogi biyu can sama a bangon da ke fuskantar babbar taga, domin iska mai zafi sama take tashi, in ta sami mafita sai mai sanyi ta shigo ta ƙasa. Aka kafa rumfar zana a bangon yamma don ta tare ranar la'asar, aka dasa bedi biyu. Aikin duka Asabar huɗu ya ci, mu da samarin unguwa muka yi gayya, Inna ta ciyar da mu hoce da tuwon dawa. Abin da aka kashe bai cika albashin wata biyu ba, kuma babu bashin kowa.

ABIN DA MASU SUKA ZA SU CE

Mun san akwai masu cewa wannan duk ƙauyanci ne da aka yi wa kwalliya da ilmi, wai muna so mu mai da mutane baya. Za su ce tayil ya fi sauƙin shara da wanki, ginin ƙasa kuma kowace shekara sai an yi masa yaɓe, ga gara, ga ɓera. A cikin wannan magana akwai gaskiya, ba za mu musa ba. Wanda yake da hali, ya sa tayil da kuɗinsa, Allah Ya sa albarka. Ba mu yi gaba da siminti ba, ba mu kuma ce tebur haramun ne ba, ga shi ma mun bar shi a ɗakin yana aiki. Mun kuma san labarin Hassan Fathy, masanin gini na Masar, wanda ya gina sabon ƙauyen Gurna da tubalin ƙasa kusa da Luksor a shekarun 1940, duniya ta yaba, amma yawancin mutanen da aka gina dominsu suka ƙi tarewa. Darasin da ke ciki shi ne, ɗan boko ba ya zaɓa wa mutane yadda za su zauna, ko da kuwa da sunan al'ada ya zo.

Amma kada a ce mana abin gida ba ilmi ba ne. Bangon ƙasa mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa cikin ɗaki sai dare ya yi sanyi, shi ya sa zauren gidan nan ya fi ɗakin bulo daɗin zama tsawon shekara hamsin ba tare da fanka ba. Maginanmu sun san laso, wanda ake haɗawa da katsin marina da gashin jima da dafara, ya hana ruwa ratsa soro. Sun san makuba da ake samu daga ɓawon ɗorawa, wadda mata ke yayyafawa suna bugun ƙasa da madaɓi har daɓe ya yi ƙarfi ya yi sheƙi. Da ƙasa da azara Babban Gwani ya gina masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, masana gini na duniya suna zuwa kallon bakan gizonsa. Da ƙasa Falke Barmu ya gina masallacin Yama a jihar Tawa ta Nijar a 1962, ginin da ya ci lambar Aga Khan a 1986. Da tsohuwar zuma ake magani. Abin kunya ne a ce ɗalibin fasahar gini ya san sunan kowane irin marmara na Italiya, bai san yadda ake haɗa laso ba.

Suka ta biyu ta fi nauyi. Za a ce, amarya fa? Danginta za su zo jere, su ga farar ƙasa da tabarma, su ce an raina 'yarsu. Wannan tsoro shi ne ainihin abin da ya hana abokinmu barci. Sai muka ba shi shawarar abin da babu wanda ya tuna da shi, watau a tambaye ta. Ya aiki ƙanwarsa. Amsar da ta dawo ta ba mu kunya gaba ɗayanmu. Ta ce ita ba ta da magana a kan silin, amma tana roƙon a sa raga a tagogi saboda ƙuda da sauro, a yi wurin wanke hannu a bakin ƙofa, sa'an nan in da hali a dubi madafi, don ta ga rufinsa ya zube, hayaƙi kuma ba shi da mafita. Jama'a, mu duka masu digiri da masu neman digiri mun yi mako huɗu muna gardama a kan ɗakin da za a ci abinci, babu wanda ya leƙa inda za a dafa shi. Inna ta shekara arba'in tana shaƙar hayaƙin nan, in damina ta yi tana tuƙa tuwo ruwa na zuba a bayanta, ga ɗaki mai fanka a kulle. Rarar kuɗin da aka samu can aka kai ta. Muna ganin duk gyaran gidan da bai fara da jin ta bakin masu shara da girki ba, gyaran son kai ne.

WA ZAI ZAUNA A CI DA SHI?

Akwai dalili na ƙarshe wanda ya sa tabarma ta fi dacewa da wannan lokaci. Shekarun nan 'yan bindiga sun tashi ƙauyuka da dama a ƙasar Bungudu da Tsafe da Maru da sauransu, mutane sun baro gonakinsu sun taho garuruwan da ke bakin hanya. Gida nawa ne a Gusau da kewayenta da ba a sauke dangi ba? A gidan abokinmu ma akwai iyalai biyu da suka zo da abin da suka iya ɗauka a ka. Daren da aka gama aiki, mu ashirin da ɗoriya muka ci tuwo a ɗakin nan. Da an bi takardar birni, da shida sun zauna a kan kujerun bashi, sauran suna waje ana tsoron kada yaransu su ɓata labule. A irin wannan zamani, mutum ya kashe albashin shekara da rabi a kan ɗakin da zai hana shi karɓar baƙi, wannan ya wuce wauta, ya kusa zama rashin imani.

Ƙungiyar ɗalibai ba baƙuwa ba ce ga maganar ɗakin cin abinci. A watan Afrilu 1978, ƙarin kwabo 50 a kan kuɗin abincin yini, daga Naira ɗaya da kwabo 50 zuwa Naira biyu, yana cikin abin da ya tayar da ɗaliban ƙasar nan a zamanin da Kanar Ahmadu Ali ke riƙe da ma'aikatar ilmi, aka rasa rayuka a Ikko da Zariya, aka haramta ƙungiyar ɗalibai ta ƙasa. A 1984 aka soke tallafin ciyarwa a jami'o'i. Waɗancan yayyen namu sun fahimci cewa tambayar wa zai ci, kuma da nawa, tambaya ce ta siyasa. Mu ma ya kamata mu fahimci cewa halin da ke sa matashi ya zubar da maɗaci ya sayo garin katako, shi ne halin da ke sa hukuma ta ƙyale fallen kwano uku har gini ya rushe, domin kwangilar sabon gini ta fi gyara maiƙo. Duk wanda ya yi makarantar kwana a cikinmu ya san yadda ɗakin cin abincinta yake. Gobe mu ne za mu zauna a ofis muna rubuta kiyasin kuɗi. Wanda bai iya tsimi a gidan ubansa ba, ba zai iya shi a baitulmali ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan'uwa ɗalibai da sababbin ma'aikata da abubuwa huɗu. Na farko, kada wanda ya ci bashi mai ruwa saboda ado. Na biyu, kafin a zubar da wani abu na gida a kira mai sana'a na gari ya duba shi, a kuma biya shi haƙƙinsa ba tare da ƙwaruwa ba. Na uku, a shawarci mata, a fara da madafi da rufi. Na huɗu, muna roƙon shugabannin wannan ƙungiya da ƙungiyoyin ɗalibai na ƙananan hukumomi su shirya gayya a dogon hutu mai zuwa, kowane rukuni ya zaɓi makaranta guda da ya fito, a nemi izinin hukumarta, a toshe yoyo, a ɗaure bencina, a shafa farar ƙasa a ɗakin cin abincin ƙannenmu. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma mun gani da idonmu a Furfuri abin da hannu ashirin ke yi cikin Asabar huɗu.

Da za mu taho, mun shiga yi wa Inna sallama, muka tarar da ita zaune a kan sabuwar tabarma tana tsince wake, jikokinta biyu suna kan teburin marigayi suna aikin makaranta. Ta ɗaga kai ta ce, "Ku gai da gida, 'ya'yana. Ku ce ma iyayenku tebur ya samu aiki."

Allah Ya ba mu wadatar zuci, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya mai da kowa gidansa, amin.